Shuɗin Mai a Farin Duro

Manajan filin jirgi ne ya ƙona hannuwan Auta. Ba risho ba ne, ba ashana ba ce, ba kuma mijinta ba ne, ko da yake shi ake so a rataya wa jakar tsaba kaji su bi shi. Gaskiya ne Manaja bai riƙe wuta ba, ranar ma bai leƙa rumfar ba, yana ofishinsa fanka na kaɗa masa riga. Duk da haka shi ne. Inna, uwar Auta, ta faɗi haka a asibiti, ta faɗa a bakin titi, ta faɗa wa duk wanda ya zo jaje yana cewa tsautsayi ne. Tsautsayi ba ya ba da umarni, in ji ta.

Filin ba wani babba ba ne, na hukumar gari ne. Titin sauka ɗaya, hasumiya guda, rumbun gyaran jirage, sai tankunan mai biyu a bayan shingen waya. Masu sauka a nan su ne jiragen feshin gonaki, da na masu koyon tuƙi, da jirgin likitoci, wani lokacin attajiri ya diro da nasa ya cika wa mutane kunne ya tafi. A jikin wannan shingen, dab da ƙofar da tankar mai ke shiga, nan Inna ta kafa rumfar abinci tun Auta na goye. Auta ta girma a tsakanin benci da tukunya, har ta auri Dogo, mai dura wa jirage mai. Da gwiwoyin Inna suka fara ƙi, sai girkin ya koma hannun Auta, Inna ta riƙe zuba abinci da faɗa da masu cin bashi.

Man jirgi iri biyu ne a wurin. Akwai fari, ɗan'uwan kananzir, na manyan jirage. Akwai shuɗi na ƙanana masu farfela, wanda ya fi fetur saurin fushi. Kullum da safe, kafin a dura wa kowane jirgi, sai an buɗe famfon gindin tanki an tsiyayi kaɗan a kwalba, a ɗaga a rana a duba ko ruwa ko datti ya kwanta. Abin da aka tsiyaya ba ya komawa tanki. Ma'aikata tatsa suke ce masa, kamar dai saniya suke kiwo. Tatsar fari tana da farin duro, ta shuɗi tana da jan duro, kowanne da kusurwarsa, ba sa ko gaisawa. Jan duro in ya cika wata mota ce ke zuwa ta kwashe, a biya ta. Farin duro kuwa na Inna ne. Haka aka taras, haka ake yi: Dogo ya cika mata jarka, ta zuba a risho, a dafa abin da duk filin zai ci. Manajoji sun zo sun wuce, babu wanda ya ce uffan, don kowannensu da shayin wannan wutar ya karya kumallo.

Sai aka kawo wannan Manajan.

Ya zo a lokacin da farashin mai ya haukace. Duk tankar da ta shigo sai ta fi ta baya tsada. Akwai allo a bakin famfo inda ake rubuta farashi da alli, to a zamaninsa allon nan bai taɓa bushewa ba. Ya ƙara kuɗi, matuƙa suka riƙa tsallake shi suna zuwa wani filin su sha mai. Ya rage, 'yan kwamitin hukuma suka kira shi suka wanke shi tas, wai yana sayar da man jama'a a kan faɗuwa. Ya rasa tudun dafawa, sai ya koma neman na rufe baki a inda kaza ma ba ta tono. Ya rage ƙwayayen lantarki, ya kulle sabulun banɗaki a aljihun teburinsa. Wata rana ya tsaya yana kallon Dogo na cika jarka, ya tambaya nawa tsohuwar ke biya. Aka ce ba ta biya. Ya ce daga yau za ta biya, tatsa ma mai ce.

Inna ta yi tsaki, ta kira shi mai tatsar sauro, amma ta biya, don ko a hakan ya fi na kasuwa sauƙi. Hannu da hannu yake karɓa, da kansa, a tsaye a bakin rumfa, yana hura shayi.

Daga nan ido ya buɗe masa. Ga duro ɗaya yana kawo kuɗi, ga ɗaya ana biya a kwashe shi. Dogo ya ɗauki hutu ya je duba mahaifinsa, sai Manaja ya kira abokin aikin Dogo, wani bawan Allah mai tarin iyali da ake kira Shiru-shiru, ya ce masa a juye abin da ke jan duro a cikin fari, kuma daga yanzu duk tatsa wuri ɗaya za ta. Shiru-shiru ya ɗan yi gyaran murya, Manaja ya tambaye shi ko akwai magana, ya ce babu. Jan duron kuwa aka raba shi biyu, aka zuba ƙasa, aka dasa furanni a ƙofar ofis.

Shuɗi in ya shiga cikin fari mai yawa launinsa ɓacewa yake yi. Wari kuwa, wanda ya wuni a gindin tanki hancinsa ya daɗe da mutuwa. Safiyar da Dogo ya dawo, ya fara da abin da ya saba farawa da shi: ya cika jarka daga farin duro, ya miƙa wa matarsa ta saman waya, ya tsokane ta cewa a ajiye masa ƙanzo. Sannan ya tafi tatsa. Ya tsiyayi shuɗi a kwalba, ya ɗaga, ya ga garau, ya juya zai zuba a jan duro. Babu duro, sai zagayen tsatsa a kan siminti. Ya tambayi Shiru-shiru ina aka kai shi. Shiru-shiru ya sunkuyar da kai ya ce yanzu ai duk a fari ake zubawa.

Dogo ya saki kwalbar ya zura da gudu yana kiran Auta. Dogayen ƙafafun nan da ake masa ba'a da su ba su isa ba. Ta riga ta cika risho, ta tsuguna, ta ƙyasta ashana.

Ba sai an tsaya bayanin abin da wuta ke yi wa fata ba. Inna ce ta lulluɓe ta da buhun da ake goge benci, Dogo ya ɗauke ta kamar jaririya. Fuska ta tsira da ɗan tabo a haɓa, hannuwa biyu kuwa aka naɗe su da bandeji har gwiwar hannu. Likita ya ce yatsun dama sai abin da hali ya yi. Macen da ke ciyar da fili guda ta koma sai an ba ta a baki. Dogo ne ke ba ta da cokali.

Tun kafin a canja bandejin farko Manaja ya gama shirya nasa zancen. Wai filin jirgi ba ya sayar wa kowa mai sai jirgi. Wai duro na sharar mai ne, duk wanda ya ɗiba sata ya yi. Wai Dogo ya daɗe yana sace wa hukuma mai yana kai wa surukarsa, yau dubunsa ta cika, abin takaici a kan matarsa. Aka dakatar da Dogo, aka ce kwamiti zai saurare shi ranar da za su zauna yanke sabon farashi.

Shiru-shiru ya zo asibiti da lemo a leda. Ya ja Inna bayan ɗakin magani ya faɗa mata komai yana share hawaye da hula. Ta ce to, ya zo ya faɗa a gaban kwamiti. Ya ce Inna ki rufa mini asiri, bakuna nawa ke jirana a gida. Ta ce ya ɗauki lemonsa, 'yarta ba ta da hannun ɓarewa.

Sannan ɗan aike ya zo daga Manaja da magana mai laushi. In Dogo ya tsaya gaban kwamiti ya amsa cewa shi ya ɗiba ba da izini ba, za a bar zancen 'yan sanda, a sallame shi cikin mutunci, hukuma kuma ta ɗauki nauyin asibiti don tausayi. Abin da ya fi ƙona wa Inna rai shi ne Dogo ya yarda. Mutumin ya rame, ba ya barci, ba ya iya kallon hannuwan matarsa. Cewa yake yi ai hannunsa ne ya cika jarkar, ko an hukunta shi ba a zalunce shi ba. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, abin da ba ta iya ba, duk a banza. Ranar zaman kwamiti ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ya zauna a bencin ƙofar ofis yana jiran kira, kamar rago a mahauta.

Inna ba ta san karatu ba, amma wanda ya shekara da shekaru yana zuba wa mutane abinci babu zancen da bai faɗo masa a kunne ba. Ta ji cewa tankuna sun kusa ƙafewa, kuma Manaja ya yi odar tanka cike a tsohon farashi, wadda dole ta sauke kayanta a ranar, in ta kwana sai a sabon kuɗi. Da wannan tankar yake shirin wanke fuskarsa a gaban kwamiti. Ƙofarta kuwa ɗaya ce.

Ta ɗauko kujerarta 'yar tsugune daga rufaffiyar rumfa, ta kai tsakiyar ƙofar ta dasa, ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

Maigadi, tsoho ne sa'anta, ya fito daga ɗan ɗakinsa yana tambaya ko lafiya. Ta ce lafiya lau, iska take sha. Ya ce iska ai akwai ta a gefe. Ta ce ta tsakiya ta fi daɗi. Ya dube ta, ya dubi hanya, ya gane, ya koma ya tsaya yana sosa ƙeya.

Tanka ta iso tana huci. Direba ya danna ham har tsuntsaye suka watse daga waya, Inna ko gezau. Ya sauko, ƙato ne mai tawul a wuya.

"Inna, nan fa hanya ce, ba tsakar gida ba."

"Na sani, ɗan nan. Da tsakar gida ce ai ba ka gan ni ba."

Ya ce mata abin da ya ɗauko ya isa ya tashi unguwa guda. Ta ce madalla da ya san halin kayansa, akwai masu ofis da ba su sani ba, ya kashe inji kada ya ƙona mai a banza, da tsada. Ya yi dariya duk da haushin da yake ji, ya tambaya ko akwai shayi. Ta ce mai dafawa tana asibiti, ya tambayi Manaja dalili. Direba ya ce shi dai ba a ɗauke shi aikin taka tsofaffi ba, ya kashe mota, ya shimfiɗa tawul a inuwarta ya kishingiɗa.

Ba a jima ba ga Manaja da sassarfa, waya a kunne, gumi ya jiƙa masa hammata. Ya fara da Maigadi, ya ce a ɗauke ta. Maigadi ya ce ranka ya daɗe, bayansa ke ciwo tun jiya, ko buta ba ya iya ɗagawa. Sai Manaja ya saki fuska ya matso.

"Mama, ki yi haƙuri ki taso mu je ofis mu yi magana."

"Ni ba mamarka ba ce. Da ni na haife ka, da ka san abin da ake zubawa a risho."

Ya ce ana kan taimaka mata, kada ta ɓata rawarta da tsalle. Ta ce ba ta zo rawa ba. Ya ce zai kira 'yan sanda. Ta ce ya kira, dama tana da labarin da take son ba su, kuma tsohuwa ba ta da wurin zuwa, ko a can aka ajiye ta za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Nan ya sauke wayar daga kunne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sai ya ɗauko wadda yake ganin za ta karya ta. Ya ce jirgin likitoci na hanya, in ya sauka babu mai ba zai tashi ba, in wani ya mutu a ƙauye alhakinsa na wuyanta.

Wannan ta taɓa ta, ba ƙarya. Ta sha ganin ana sauko da mata masu naƙuda daga jirgin nan, ta sha aika wa 'yan rakiyarsu ruwan zafi kyauta. Ta ji kamar ta janye kujerar. Sai ta tuna yadda Auta ke buɗe baki ana sa mata cokali.

"To sai ka yi sauri," ta ce. "Magana ɗaya ce tsakaninka da ƙofar nan. Ba ni na tare jirgin likita ba, bakinka ne."

Kafin nan mutane sun taru. Makanikai sun fito da mai a hannu, masu shara da tsintsiyoyinsu, matar da ke aiki a hasumiya na leƙe daga sama. Shiru-shiru na can jikin waya ya riƙe ta da hannu biyu kamar za ta gudu. Hayaniya ta fito da 'yan kwamiti daga ɗakin taro, shugabansu a gaba, wani kansila mai tumbi da hankici. Dogo na biye da su a baya.

Dogo ya wuce kowa ya zo ya durƙusa a gabanta, idonsa a ƙasa. Ya ce don Allah Inna ta tashi, ta bar shi ya amsa a wuce wurin, Auta ta samu magani. Ya sake maimaita zancensa na kullum, cewa hannunsa ne ya cika jarkar.

"Hannunka ya cika jarka. Wa ya cika duro?"

Ta tambaye shi ko so yake 'ya'yansa su tashi ana nuna su da baki, ga 'ya'yan ɓarawon da ya ƙona uwarsu. Ta ce magani za a nemo, ko da rumfar za a sayar, ko da kujerar nan da take kai. Amma sunan da zai karɓa yau babu asibitin da ke cire shi. Sannan ta rage murya, ta ba shi saƙon da ta taho da shi tun safe.

"Matarka ta ce in faɗa maka. In ka amsa abin da ba ka yi ba, kada ka ƙara zuwa ba ta abinci. Ta ce gara ta kifa baki a kwano kamar akuya."

Dogo ya daɗe a durƙushe. Daga nan ya miƙe, ya zagaya bayan kujerarta, ya zauna a ƙasa da rigarsa mai kyau, cikin ƙurar da tayoyi ke takawa.

Kansila ya goge wuya ya ce haba Inna, komai ai da tsarinsa, hukuma ba ta san da wata tatsa ba, a shiga ciki a zauna. Inna ta ce ranka ya daɗe, in hukuma ba ta sani ba cikinta ya sani. Duk zaman farashin da suka yi a ɗakin can, daga rumfarta ake kai musu shayi da ƙwai, shi kansa mai son madara da yawa ne. Da me yake zaton ake dafawa, da hasken rana? Wani makanike ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Ta juya ga taron ta ce duk wanda bai taɓa cin abin da aka dafa da man farin duro ba ya ɗaga hannu ta gan shi. Babu hannun da ya tashi. Maigadi ya ce a hankali, kamar da sandarsa yake magana, shi kam ya ci, kuma ya sha ganin ana karɓar kuɗin.

Manaja ya fara magana da sauri, yana haɗa ƙa'ida da doka da sunan hukuma. Kansila ya ɗaga masa hannu. Ya dubi tanka, ya dubi rana, ya dubi allon farashi da ke jiransa, ya sake roƙon Inna a shiga ofis, a ba ta kujera mai kyau da ruwan sanyi.

Ta ce a ofis aka ƙulla, ba za a kwance a ofis ba. A nan aka ƙona 'yarta, a gaban mutanen nan, a nan za a yi ta. Ta gyara zama, ta harɗe hannuwa a kan gwiwa, ta ɗaga kai ta dubi Kansila ido cikin ido.

"Ku ne kuka ɗauko shi, ku kuka ba shi makulli. Ga shi nan tsaye kusa da kai, ba sai an aika ba. Tambaye shi, ina ji, kowa na ji: wa ya ce a zuba shuɗi a farin duro, wa kuma yake karɓar kuɗina? In ya ƙi amsawa, kai ka amsa. In kai ma ba za ka iya ba, aika a kira wanda ya fi ka. Yarinyata ta shiga rumfar nan da hannu biyu. Ba na tashi sai wani ya tsaya a nan ya ce shi ne."